Azumin Asibi Talatin Cif

Duk mai bin hanyar Kaduna da sassafe ya san Asibi mai waina a Gauraka, in bai san sunanta ba ya san hayaƙinta. Shekara goma sha tara ke nan tana zaune gefen titin nan, tsakanin garejin Khamis bakanike da teburin mai shayi, tanda a gaba, bokitin ƙullu a dama. A Iku aka yanke mata cibiya. Tana da shekara goma sha takwas aka kai ta gidan su Mu'azu direba a cikin Suleja. Nan ta haifi 'ya'ya biyar, ta binne ɗaya, nan kuma ta yi wa Mu'azu takaba shekara biyu da suka wuce, bayan hawan jini ya kayar da shi a tasha. Ba ta koma gidan iyayenta ba. Cewa ta yi ɗakin da ta shekara talatin tana sharewa ba za ta bar wa gizo-gizo ba.

Gidan na gado ne. Mai gida yanzu Malam Bamalli ne, yayan marigayi, da matarsa Ummukulthum, sai ƙanwar mahaifinsu, Gwaggo Daso, tsohuwa mai shekara saba'in da ba ta rabuwa da carbi. Shekara talatin, tun tana suya a cikin gida, Asibi na kai wa Gwaggo wainar farko ta kowace safiya, kuma a tsawon shekarun nan ko kare bai taɓa kawo ƙararta ba.

Tun daminar bara jikin Asibi ya fara yi mata abin da ba ta gane ba. Tana zaune sai wani zafi ya taso mata daga ƙirji, ya bi wuya, ya mamaye fuska, kafin ka ce kwabo zufa ta jiƙa mata riga. Ta ɗora wa wutar murhu laifi. To amma ranar Juma'a ba ta fita sana'a, kuma zafin bai san da Juma'a ba. Barci ya ƙaurace mata. Gwiwa ta fara ciwo, gaba ya riƙa faɗuwa ba gaira ba dalili. Ita da ke haɗa ƙullu ido rufe, sau biyu tana zuba yis a kan yis. Zane ya daina zagayo ta yadda ya saba, alhali abincin da take ci bai ƙaru ba. Ga saurin fushi: wani direba ya ce wainar ta yi tsami, ta wanke shi tas har masu shayi suka ba ta haƙuri, ta koma gida tana jin kunyar kanta. Al'ada kuwa ta zama baƙuwa marar ladabi, wani watan ta zo sau biyu, wani watan ko leƙowa. Daga baya ma ta ɗauke ɗif, wata uku.

Wa za ta tambaya? Uwarta ta rasu. A Islamiyya ana karanta hukuncin jini dalla-dalla, ranar zuwansa da ranar wanka, amma ba wanda ya taɓa cewa ga yadda yake sallama da mace. Sai ta sayi mafici ta ja bakinta.

Da azumi ya zo, ta yi shi daga farko har ƙarshe ba ta sha ko ɗaya ba. Duk da wahalar da ta sha gaban wuta tana suyar buɗa-baki, a ranta murna take yi.

To, akwai wata tambaya da mata ke yi wa juna bayan Salla, kowa ya san ta. Rana ta uku da Salla, ana zaune tsakar gida ana tsinke zogale, maƙwabta biyu sun shigo barka da Salla, sai aka fara: ke kin sha nawa? Wannan ta ce shida, waccan ta ce takwas, ana dariya ana maganar ramuwa. Ummukulthum ta juyo.

“Maman Rukayya, ke fa?”

“Ni bana talatin cif na yi,” in ji Asibi, tana fifita. “Ko ɗaya ban sha ba. Gobe ma zan ɗora Sitta Shawwal.”

 Ummukulthum ta dubi cikin Asibi, ta dubi maƙwabciya, ta ce, “Ikon Allah.” Gwaggo Daso na zaune bakin ƙofarta tana jan carbi, ba ta ce uffan ba.

Magana zarar bunu ce. Matan nan suka fita da lissafinsu: macen da ba ta tsufa ba, ba ta sha azumi ba, ga ciki ya ɗago, ga zufa, ga saurin fushi, me ya rage? Kuma ba miji! Kafin sati ya zagayo har uban cikin an samo. Khamis bakanike ne, don kawai bawan Allah yana cin waina bakwai kowace safiya, yana kuma taya ta sauke itace daga keke. Mutumin da ke kiranta Yaya tun yana ɗan koyo.

Ita ce ta ƙarshen ji. Ta dai lura Khamis ya daina zuwa, matan unguwa kuma in ta yi sallama sai hira ta mutu. Sai ranar da 'yarta Rukayya ta zo daga gidan mijinta, ido ya yi jawur, ta durƙusa a ɗaki ta ce, “Umma, surukata ta tambaye ni wai yaushe za ki haifo min ƙani.”

Asibi ta ji kamar an watsa mata tafasasshen mai. Ba ta gama farfaɗowa ba Malam Bamalli ya aiko kiranta. A zaure ya tsaya, bai ko iya kallon fuskarta ba.

“Asibi, ni ban ce an yi ba, ban ce ba a yi ba. Amma gidan nan yana da suna. Ko dai ki kawo takardar asibiti, ko ki ɗan koma Iku har ƙura ta lafa.”

Ka ji fa! Shekara talatin tana durƙusa wa mutumin nan da safe, ita ta yi jinyar uwarsa har ta cika a hannunta, yau shi ke neman takarda a kanta kamar akuyar da ake shakkar ta sata ce. Ta ce, “To, Yaya.” Ba ta ƙara ba, don in ta ƙara zauren ba zai ɗauke su ba.

Washegari ba ta hura wuta ba, ta tafi asibitin unguwa. Aka ba ta kwalba, ta kai fitsari da shekarunta arba'in da takwas, tana ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Nas ɗin, wata Bayarabiya mai suna Adenike, ta duba sakamako, ta yi mata tambayoyi, sannan ta aje biro.

“Mama, no be belle o. Ba ciki ba ne. Al'ada ce take shirin tafiya gaba ɗaya. Wannan zafi, rashin barci, mantuwa, fushi, duk shi ne. Za ta iya dawowa small, ɗan kaɗan, ta sake tafiya. Sai ta yi shekara ɗaya ba ta zo ba mu ce ta gama. Kowace mace da Allah ya ba tsawon rai sai ta bi hanyar nan. Akwai abin da za mu ba ki ya rage zafin. Babu wanda ya faɗa miki a gida?”

Babu. Da wannan tambayar ta hau keke ta dawo, takarda ƙunshe a gefen zane. Ta fara shiga ɗakin Gwaggo Daso, kamar yadda ta saba in ta dawo daga unguwa. Tsohuwar ta dube ta, ta sassauta murya.

“Ai da ba ki wahal da kanki ba, 'yar nan. Tun da damina na ga ana ruwa kina fifita na san ko mene ne. Ni shekara huɗu na yi ina fama da shi.”

“Gwaggo, kin sani?”

“Na sani mana.”

“Kina zaune aka ce Ikon Allah. Kina zaune aka ɗaura min Khamis a wuya. Kin sani?”

“To me zan ce? Wannan ba abin faɗa ba ne. Mu haka muka taras, mace ta yi shiru har ya wuce. Da kunya.”

Fushin da Asibi ta yi wa Ummukulthum da Bamalli duk sai ya zama wasa. Waɗancan jahilci ne ya ja su. Wannan kuwa da saninta ta zuba ido ana yanka mutuncin mace, don kada bakinta ya furta kalmar jini.

Bayan la'asar Malam Bamalli ya shigo tsakar gida. Ummukulthum na gaban murhu tana talge, Rukayya na tsaye jikin bango, maƙwabtan nan biyu kuma sun shigo aron turmi da ba su da bukatarsa. Bamalli ya miƙo hannu. Asibi ta kwance gefen zane, ta ɗaga takardar kowa ya gani, ta taka zuwa murhu ta tura ta ƙarƙashin tukunyar tuwo. Wuta ta lashe ta nan take.

“Umma!” in ji Rukayya.

“Shekara talatin ba su ishe ku shaida ba, takardar minti goma ba za ta yi min shaida ba,” in ji Asibi. Zafin nan ya taso mata daidai lokacin, zufa na zuba daga goshi, ba ta share ba. “Yaya, akwai wadda ta san abin da ke damuna a gidan nan tun damina. Gwaggo, ga su. Ko ki faɗa musu da bakinki, ko gobe da safe ki raka ni da kayana har bakin titi.”

Carbin Gwaggo ya tsaya. Ta dubi Bamalli, ɗan da ta goya, ta sunkuyar da kai. Talge ya fara ƙonewa ba wanda ya juya shi. Can dai ta buɗe baki.

“Ba ciki gare ta ba. Jininta ne ke ɗaukewa. Ni ma na yi, uwarka ma ta yi, har ta riƙa kwana a tsakar gida saboda zafi. Na sani tuntuni, na yi shiru.”

Bamalli ya yi ta lalubar abin faɗa, ya ƙare da, “To, a yi haƙuri, zato ne.” Asibi ko kallonsa ba ta yi ba. Ta cire maficin da ke soke a ƙugunta, ta je ta aje shi a cinyar Ummukulthum, wadda Asibi ta girma da abin da bai fi shekara uku ba.

“Riƙe, Maman Nuraddeen. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. Ranar da ya taso miki ki zo ɗakina, ni zan faɗa miki ko mene ne.”

Ta ja hannun Rukayya suka shige ɗaki, ta bar ƙofar a buɗe, ta fara yi mata bayani tun daga farko da ƙarfi yadda har zaure ana ji.

Washegari ta hura wutarta a Gauraka kamar kullum. Wainar farko da ta fito daga tanda, wadda shekara talatin ake kai wa Gwaggo, Asibi ta barbaɗa mata ƙuli ta cinye abarta.