Randunan Kaka da Tano Ukun Garkata

Ina ɗan shekara tara ko goma a lokacin, zamanin mulkin soja, sa'ad da aka matsa wa kowane gari ya yi noman rani bayan fari. Ƙauyenmu yana arewacin Filinge. Da sanyi ya shigo, da zarar an ci tuwon magariba, mu yaran gida sai mu ruga ɗakin Kaka Hajo, uwar babanmu. Wutar karan hatsi take hurawa, mai saurin cinyewa, don haka hannunta ɗaya kullum yana tura kara, ɗayan yana korar ƙafafunmu daga toka.

"Ga ta nan bakin ƙohwa," in ji ta.

"Ta shigo ta zamna," mu amsa.

Tatsuniyoyinta suna da yawa, amma akwai wadda ba mu cika so ba, don babu dodo a ciki, babu waƙa. Ta Dije ce.

Dije wata mata ce a garin da rijiyarsa ta rufta, ba sauran ruwa sai na tabki, ja wur, inda shanu ke tattaki. Ƴaƴanta suka kama ciwon ciki. Ta tace ruwan da kallabi, kallabin ya toshe. Ta tace da zanenta, shi ma ya toshe. Wata safiya tana zaune bakin tabki tana kuka, sai kunkuru ya fito ya tambaye ta abin da ya faru. Da ta faɗa masa, ya ce ta biyo shi. Tafiyar kunkuru kuwa, Kaka takan ja ta har mu fara ƙorafi.

"Ku yi kurum," ta ce. "Ku kun hi Dije sauri na?"

Ya kai ta bayan wani dutse inda ruwan tabkin ke tsiyaya cikin wani ɗan kwarmi, ya kwanta, sannan ya malala cikin na biyu, daga nan cikin na uku. A na ukun Dije ta ga fuskarta. Ta koma gida ta gina randuna uku, ta huda biyu a ƙarƙashin wuya, ta soka kara mai rami, ta jera su bisa tudu wata ƙasa da wata. Mutanen gari suka yi ta dariya, wai Dije na shayar da tukwane, ƴaƴanta na jin ƙishi. Kafin damina, masu dariyar ne ke layi a ƙofarta da ƙwarya.

"Nan ta tsaya. Ku tashi ku kwana."

Mukan tashi muna gunaguni. Ni dai a lokacin abin da na ɗauka shi ne Kaka ta gaji, shi ya sa ta ba mu marar daɗi.

Na yi lakwal, wato makarantar boko, na zama malami, na koyar a Damana da wasu garuruwa har na bar aiki. Kaka ta rasu ina bakin aiki, ban samu jana'izarta ba. Da na dawo gida sai na kafa garka a gefen tabki: salati, tumatir, albasa. A tsakiya na gina basan, wato kwarmin siminti na tara ruwa, na zuba ƴaƴan karfasa a ciki. Da garkar nan ni da matata Ramatu muka dogara. Inji yana jawo ruwan tabki, ya bi ta matatar yashi da tsakuwa da na haɗa, sannan ya shiga basan.

Matatar ba ta kwana uku sai laka ta toshe ta. In wanke, ta sake toshewa. Ruwan basan ya yi duhu, kifayen suka riƙa hawowa sama suna buɗe baki. Wata safiya na tsamo matattu cike da bokiti. Ramatu ta dube su, ta dube ni.

"Malam, in ba ka iyawa, a kwashe sauran mu soya tun suna da rai."

Na ce ta ba ni mako guda. Na zauna bisa bakin basan da kofin ruwan tabki a hannu, na ajiye shi, na shiga tunani. Da na waiwayo bayan wani lokaci, saman ruwan ya washe, laka ta kwanta a gindi. Shekara arba'in ban tuna da Dije ba, sai a ranar.

Ran kasuwar Filinge na sayo tano uku, wato manyan duro na roba, da tiyo mai kauri. Na gina musu dakali hawa uku. A kowane tano na huda kusa da gindi na sa famfon zubar da laka, na huda kusa da baki inda ruwa zai fita zuwa na ƙasa da shi, daga na uku kuma ya wuce matatar. Tiyon shiga kuwa na saukar da shi ƙasa, na lanƙwasa bakinsa gefe, don ruwan ya riƙa kewayawa a hankali. Gwajin farko bai yi ba. Na saki inji da ƙarfinsa, ruwan ya tayar da komai, ya fito ja kamar yadda ya shiga. Sai da na rage shi har ya koma ɗan siririn zubi, ya zama abin da nake cikawa kafin hantsi yanzu sai azahar. Ya yi mini wuya, don ni mutum ne mai son in ga an gama. Amma a kwana na biyar na hango kifi a ƙasan basan, matatar kuma ta yi wata guda ban taɓa ta ba. Lakar da nake zubarwa duk Jumma'a, Ramatu ta riƙa kwashe ta zuwa gindin tumatir.

Na daɗe ina cewa haƙuri ne kawai Kaka ke koya mana. Yanzu ina ganin ya fi haka. Dije ba zama ta yi tana jira ba. Wurin kwanciya ta gina wa lakar.

Bara ƙanwar babana, Gwaggo Hawa, ta zo garkar da sandarta. Ta tsaya gaban tanonin, na ba ta labarin inda na samo dabarar, ina dariya. Ita ba ta yi dariya ba.

"Kai, Isuhu, tatsuniya ka ɗauke ta?"

"To mi ce, Gwaggo?"

"Dijen nan ai Kakarka ta. Ɗiya biyu ta bizne kahin a haihi ubanka, duka ciwon ciki. Randunan nan ni na sha ruwansu. Kunkurun ɗai ta ƙara, don ku zamna ku ji."

Ta miƙo hannu na ɗebo mata daga tano na uku. Ta wanke fuska. Sannan ta ɗaga tafukanta, ni ma na ɗaga nawa, muka yi wa Kaka addu'a, da yaran nan biyu da sai ranar na fara jin sunayensu daga bakin Gwaggo.