Shayin Sista

Har yau ban manta da Alhamis ɗin da likita ya yi wa Saratu tambaya guda ɗaya a gabana, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige ba. Ku da kuka fara aikin ungozoma yanzu ku saurara, don a labarin nan ni ce mai laifi, kuma in na tuna har yanzu raina ɓaci yake yi.

A tsakiyar shekarun 1970 ne. Ni kaɗai ce ungozoma a wani ƙaramin ɗakin shan magani, a ƙauye tsakanin Kafanchan da Gidan Waya. Likita sau ɗaya yake zuwa a wata, ranar Alhamis ta farko. Ba mu da injin gwada jini. Sai ki huda yatsar mace, ki ɗiga jinin a farar takarda, ki gwada launinsa da wani kati mai jajayen layuka. In ya yi haske da yawa, jini ya yi ƙasa. Dokar aiki ita ce, macen da jininta bai ƙaru ba, a babban asibitin Kafanchan za ta haihu, inda za a iya ƙara mata. Hanyar kuwa da damina, in rafi ya cika, ko babbar mota ba ta wucewa.

Koren shayi wajen maigadinmu na koye shi, wani Buzu da fari ya koro daga arewa. Shi yana zuba masa sukari kamar zai yi alewa. Ni na cire sukarin, kuma gaskiya ya karɓe ni. In na ci tuwo ba ya mini nauyi a ciki, kasalar rana ma ta sake ni.

Sai ga Malam Yohanna, hedimastan firamaren garin, mijin Saratu. Tumbi ya yi gaba, hawan jini ya fara kama shi, kuma kowace safiya sai ya sha shayin madara da sukari ƙwaya shida. Na ce masa, "Malam, ka bar madara da sukarin nan. Ka gwada koren shayi, ka riƙa zuwa makaranta da ƙafa." Ya bi maganata. Cikin wata huɗu tumbi ya sauka, awon jininsa ya yi kyau, ni kuwa sai hura hanci nake.

Abin da ban lissafa ba shi ne halin mutumin. Malam Yohanna in ya yarda da abu, to gari ya shiga uku. Bayan sujada ranar Lahadi sai ya tsaya a ƙofar coci yana wa'azin shayi. Ciwon kai, shayi. Ciwon baya, shayi. Har akuyarsa da cikinta ya kumbura an ce ya ɗura mata. Kuma duk inda ya je maganarsa ɗaya ce: "Sista ce ta faɗa."

Saratu tana da ciki na biyar, kuma a haihuwar da ta wuce ta zubar da jini har ta suma. Mace ce marar yawan magana. Ta zo awo tana wata huɗu, tafin hannunta fari fat. Na ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, sau uku a rana bayan abinci. Wata ya zagayo, launin takarda bai canza ba. Na ba ta maganin tsutsar ciki da na zazzaɓin cizon sauro. Wani watan ma haka.

Nan haƙurina ya ƙare. A gaban mata, ranar awo, na ce mata, "Saratu, faɗa mini gaskiya. Ƙarƙashin katifa kike zuba ƙwayoyin nan ko kaji kike ba?"

Ta ce, "Ina sha, Sista."

"Kina sha, jinin kuma ina yake zuwa? So kike ki mutu mini a hannu, ki bar 'ya'ya huɗu?"

Ta sunkuyar da kai.

Ranar Asabar da safe na hau kekena na je gidansu ba sanarwa, don in kama ta. Me zan gani? Malam Yohanna ya zana jadawali a bangon ɗaki da alli, safe, rana, yamma, kamar na darasin aji. A gabana Saratu ta gama shan kunu, ya miƙa mata ƙwaya da hannunsa, ya bi ta da babban kofin shayi wanda ya dahu har ya yi duhu, sannan ya ja layi a bango. Ya ce, "Kin gani, Sista? Ni ba na wasa da lafiya." Ni kuma, don rashin sani, na yaba masa. Har na zauna na sha kofi guda na shayin tare da su.

Alhamis ta farko likita ya zo. Na kai masa katin Saratu, ciki ya shiga wata bakwai. Na zayyana masa duk abin da na yi. Ya duba idonta da tafin hannunta, sai ya ce, "Maman yara, ƙwayar nan da me kike haɗiye ta?"

Ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Da shayin Sista."

Likita ya ajiye biro. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi. Ya ce shayi, kore ne ko baƙi, in aka sha shi tare da ƙwayar ko a kan abinci, yana riƙe sinadarin da ke ƙara jini, ya hana jiki ɗauka. Ya ce abin da ya gyara mai tumbi ba lallai ya gyara mai ciki ba. Ya rubuta mata allurar ƙarin jini, ya ce ƙwaya da ruwa ko da lemu, a ƙara mata hanta da ganye, shayi kuwa ta bar shi sai ta haihu.

Shawo kan Malam Yohanna ya fi komai wuya. Na same shi a ofishinsa, ya ce, "Amma Sista, ke kika ce yana da amfani."

"Kai na ce wa, Malam. Kai ne mai cikin?"

"Abu mai kyau ai mai kyau ne ga kowa."

Na ce, "To ka ci gaba. Amma ranar haihuwa, in rafi ya cika, kai za ka goya ta zuwa Kafanchan." Da yamma aka ce ya goge bangon, ya zana sabon jadawali na lemu.

Jinin Saratu ya fara ƙaruwa a hankali. Mun shirya kai ta Kafanchan da wuri, sai naƙuda ta riga mu, da rana tsaka, bayan ruwan kwana biyu. Rafi ya cika, babu hanya. A hannuna ta haihu, 'ya mace. Ta zubar da jini, ina ta addu'a, amma abin da ta tara a makonnin nan ya riƙe ta. Da a ce likita bai yi tambayar nan ba, ban san me zan gaya wa yaran nan huɗu ba.

Washegari na zauna a bakin gadonta na ba ta haƙuri kan abin da na faɗa mata a gaban mata. Na ce, "Amma ke ma, Saratu, wata uku kina shan abin nan, bai taɓa damun ki ba?"

Ta ce, "Yana tayar mini da zuciya, Sista, kullum. Amma Malam ya ce ke kika faɗa, ke kuma kin ce ƙarya nake yi. Wa zan gaya wa?"

Har yau ina shan koren shayina, ba sukari, nesa da lokacin abinci, kuma yana mini amfani. Amma tun daga ranar ban sake ba da shawara ban faɗi wanda ba ta dace da shi ba, don a ƙauye maganar mai farin kaya doka ce. Kuma in magani ya ƙi aiki, kafin in buɗe baki in yi wa mace faɗa, sai na jawo kujera na zauna na ce mata, "Gaya mini yadda kike shan sa."