Faransancin Inna da 'Yar Farinta

Ina da shekara goma sha biyu na fara ganin yayata da idona. Kafin nan murya ce kawai a kaset, tana gaishe mu daga Damagaram, zakara na cara a bayanta. Ita ce 'yar fari a gidanmu, kuma kamar yadda aka saba, tun da aka yaye ta kakarmu ta ɗauke ta. Inna ba ta kiran sunanta, ba ta zancenta. In an sa kaset ɗin sai ta tashi ta shiga ɗakin girki ta buɗe famfo, amma na lura ba ta buɗe shi da ƙarfi.

Wannan kunyar ce ta ja mana. Lokacin da iyayenmu suka nemi zama 'yan ƙasar Faransa, ma'aikacin ofis ya tambaye su 'ya'yansu. Inna ta ambace ni da ƙannena biyu maza, ta ja bakinta ta yi shiru. Baba kuwa, shi ma kunyar ce ke cin sa, ya tsura wa rufin ɗaki ido. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya faɗa, har aka sallame su. Mu uku muka shige cikin takardunsu ba mu ma san an yi ba. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Suna ɗaya tak, jama'a!

Sa'ad da kaka ta rasu aka aiko da Yaya, ta riga ta cika sha takwas. Aka ce yanzu ita babba ce, sai ta nemi zama 'yar ƙasa da kanta, kuma sai ta zauna gaban ma'aikaci ta nuna tana jin Faransanci. Takardar zaman da ke hannunta ta ɗan lokaci ce. In ba ta iya ba, ba mu san yadda za mu riƙe ta ba, ga shi can gida ba kowa sai ɗakin kaka a kulle.

A Paris muka tarbe ta, gidan Goggo, ƙanwar Baba, a La Courneuve. Baba ya tafi Aubervilliers sarin atamfa, mu muka hau sama. Na sami Yaya tsaye bakin taga, doguwa, siririya, tana kallon ƙasa kamar mai leƙen rijiya. Ta durƙusa ta gaida Inna. Inna ta amsa tana gyaran ɗankwalin da babu abin da ya same shi. A jirgin ƙasa na komawa Lyon barci ya kwashe Yaya, kanta jingine da gilashi, gonaki da shanu da ƙananan coci-coci suna ta wucewa ta cikin inuwar fuskarta. Inna na zaune daura da ita, wai waje take kallo. Ni dai na san inuwar nan ta bi da ido har muka sauka.

Ni aka ɗora wa koyar da ita, tunda ni ce 'yar lakwal, mai zuwa makaranta. Wallahi ba a halicce ni don koyarwa ba. Karatun Yaya bai yi nisa ba can gida, in na faɗi kalma sai ta yi murmushi ta ce ina magana kamar mai kurkure baki. In yi ta faɗa, ita ta yi ta ba ni haƙuri, haƙurin ya ƙara tunzura ni. Wata la'asar na yi jifa da littafin na ce na gaji, wanda ya ƙi faɗin sunanta shi ya zo ya koya mata.

Na zaci mari zan sha. Sai Inna ta fito tana goge hannu da zane, ta ɗauki tabaron Baba a kan talabijin ta maƙala, ta zauna gaban Yaya ta miƙe baya kamar madam ɗin ofis. Faransancin Inna fa na kasuwar Rillieux ne, unguwarmu da ke saman Lyon, na wurin likita da na gaisuwar maƙwabta a matakala, duk ƙofofi ne a jikinsa. Da shi ta tambayi Yaya sunanta. Yaya ta faɗa can ƙasa-ƙasa. Inna ta ce ba a ji ba, a ofis ba a son mai haɗiye magana. Sai ta buɗe baki ta faɗi sunan da kanta, a hankali, wai don ta nuna mata yadda ake yi.

Ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Da Goggo ta ji labari ta tsokane ta a waya, Inna ta ce, "Ai ba ni ba ce, madam ɗin ofis ce."

Haka muka ci lokacin sanyin nan. Kowace la'asar farin hazo kan taso daga kogi ya haɗiye gidajen da ke ƙasa da mu, fitilun bas su riƙa yawo cikinsa, ɗakinmu ya zama kamar ya rabu da ginin yana tafiya shi kaɗai. Da fari tambayoyin na ofis ne: ina kike zaune, wane bas kike hawa, me kike saye a kasuwa. Sannu a hankali madam ɗin ofis ta fara tambayar abin da babu ofishin da ya damu da shi. Wa ke yi miki kitso? Tabon goshin nan fa? Kaka tana dafa miki abin da kike so? Da kika yi ƙyanda wa ya kwana da ke? Yaya ta yi ta ɗingishi cikin Faransanci tana ba da amsa. In kalma ta ɓace musu sai su jefo mini ita da Hausa in mayar musu. Na ba su rijiya, na ba su zazzaɓi, ran nan Yaya ta nemi kewa, na ba ta. Da an gama sai Inna ta cire tabarau ta ce da bango, "A ɗora ruwan tuwo."

Ranar ganawa muka sauka Lyon mu uku, gada ta ɓace cikin hazo, bas kamar a kan gajimare yake tafiya. Ni da Inna muka zauna kan benci a waje, carbinta na ta gudu cikin aljihun kwat. Yaya ta daɗe a ciki. Da ƙofa ta buɗe, matar ofis ɗin ta rako ta tana murmushi, ta ce yarinyar tana da baki, ta ba ta labarin garinsu har ta ji kamar ta je. Ta ce ta fannin harshe babu matsala, sauran sai jiran takarda.

Na yi ta tsalle, amma a bas na ga hawaye na bin fuskar Yaya. Na zungure ta na ce wace irin mutum ce ita, an ci nasara tana kuka. Ta raɗa mini, "To ai karatu ya ƙare ke nan." Na dubi Inna, ta koma kallon gilashi. Sai a lokacin na gane, tausayinsu ya kama ni su duka biyu.

Washegari da la'asar Yaya ta zauna bakin taga, hannuwanta a cinya. Inna ta idar da salla, ta naɗe darduma, ta wuce ta gaban talabijin, ta dawo, ta sake wucewa. Can sai ta miƙa hannu ta ɗauki tabaron.

"Ke," ta ce da ni, "gaya wa waccan, takarda za a ba ta, ba iyawa ba. Da sauranta. Ta zo ta zauna."

Yaya ta zo ta zauna. Inna ta gyara tabarau, ta dube ta ido cikin ido, ta tambaye ta sunanta.