Randar da Malam Isuhu ya huda

Ku da kuka san Malam Isuhu na Kurfi kun san ba ya buɗe baki sai ya ce, "A ɗauka." Shi ya koya mana baƙi a ajin yaƙi da jahilci, amma shi ma ɗalibi ne. Yana karatun babban lissafi ta gidan waya, na motsi da nauyi da yadda abu ke canzawa. Sau biyu ya je jarrabawa Katsina ya faɗi. Maiɗakinsa ta rantse in ya faɗi ta uku, da littattafan za ta hura wutar tuwo.

Don haka komai ya gani sai ya gwada. Shekara guda bai sha kunu da zafi ba. Sai ya tsoma yatsa, ya dubi agogo, yana auna yadda yake hucewa.

Wata rana a rijiyar Birchi ya tsaya yana yi wa masu shayar da shanu bayanin jan guga, ya ce littafi ya ce a ɗauka igiya ba ta da nauyi. Wani dattijo ya naɗe jiƙaƙƙiyar igiya gaba ashirin, ya rataya masa a wuya.

"To, Malam, tunda ba ta da nauyi, kai mani ita ruga."

Don taurin kai ya kai ta. Kwana uku wuyansa ba ya juyawa, yana cewa laifin igiyar ne, ba na littafi ba.

An hana shi taɓa tukwanen gidansa, sai ya jira ranar da matata Hajara ta tafi suna Tamawa, ya sallamo gidana da ƙusa a aljihu. Ya huda gindin randarta, ya ba ni kara mai zane-zane da fensir. Duk minti ɗaya in tsoma kara in rubuta inda ruwa ya tsaya. A bakin randar nan hannuna ya fara sabawa da rubuta lambobi. Da ruwa ya ƙare ya cika takarda uku, ya sanar da ni cewa in randa na cike ruwa ya fi gudu, in ta yi ƙasa sai ya rage.

Daidai nan Hajara ta shigo, tsakar gida duk taɓo. Ta saurari bayanin har ƙarshe, ta ce wannan ai duk macen da ta taɓa ajiye tulu mai yoyo ta sani.

"A ɗauka, Hajara, randar nan..."

"A ɗauka ka sawo wata, Malam."

Ya tafi jarrabawa ta uku. Kwana huɗu sai ga shi ya sauko daga motar Katsina da sabuwar randa a ka, yana murmushi. Tambayar da ta fi kowace wuya, ta tanki mai huji a gindi ce. Da sakamako ya zo ya ci, littattafai suka tsira. Hajara kuwa ta karɓi randa ta yi godiya, ta kai ta ƙuryar ɗaki. Har ya bar duniya, in ya nemi ruwa a gidana, a moɗa take miƙo masa daga bayan ƙofa.

Tsohuwar randar tana nan, na toshe hujin da tsumma, gero nake zubawa. Wannan hannun da ke rubutu, aikinsa ne. Allah ya jiƙan Malam Isuhu, ya sa tambayar kabari ta zo masa da sauƙi kamar ta tankin nan. Amin.