Sunan da ke Ƙasan Takarda

Ranar wata Laraba a damanar 1983, ina aji biyar, na kai wa Baba fura gindin darbejiyar da yake zama kusa da tashar motar Boɗinga, inda yake rubuta wa mutane wasiƙa. Ban ko sauke ƙwaryar ba sai ga akori-kura ta ci burki, ƙarti huɗu suka diro da gorori. Ɗaya ya ɗaga wata takarda ya ce, "Kai ka rubuta wagga?" Baba ya ce shi ne. Suka kife teburin, suka danne shi, suka shimfiɗa hannunsa na dama bisa benci. Da kunnena na ji ƙashin ya yi ƙas, kamar an karya karan dawa. Na kwarma ihu na gantsara wa ɗaya cizo a cinya, ya maka ni da ƙasa har haƙorina ya fita. Tasha cike da mutane, wallahi ko tari ba wanda ya yi.

Baba yana da akwatin ƙarfe mai littattafai huɗu, ya kuma jera sunayensu a cikin murfin yadda yake so in karanta su. Uku na labarai ne, duk bangonsu ya cire, na huɗun wani jibgege mai koyar da rubuta wasiƙar ofis da takardar koke. In na gama surfe na ɗaure awaki, sai in haye buhunan albasa a zaure in nutse cikin na labaran har Inna ta gaji da kira. Jibgegen kam ko kallo bai ishe ni ba. Baba yakan ce, "Na labari shi ka koya miki tausayi, na wasiƙa shi ka ba ki tuwo."

To, shi wannan jibgegen ne ya jawo mana. A ciki aka ce duk wanda ya rubuta wa wanda bai iya karatu ba, ya sa sunansa a ƙasa. A shekarar nan abinci ya yi tsada, ga wasu manoman Kajiji an hana su taki don ba jam'iyyar masu rabon suke yi ba. Baba ya rubuta musu koke, suka dangwala yatsu. Suna ɗaya kaɗai ake iya karantawa a takardar, nasa.

Mai ɗori daga Sifawa ya haɗa ƙashin, amma yatsun ba su ƙara riƙe alƙalami ba. Don haushi na cusa jibgegen littafin a murhu. Baba ya zaro shi da hagu, ya kashe wutar a ƙirjin rigarsa, ya ce in zauna in karanta. Ina kuka ina karantawa, na tsane shi, na kuma haddace shi. Bayan salla na zama hannun Baba, yana faɗa ina rubutawa. Takardarmu ta farko koken takin nan ne muka sake rubutawa. Da na zo ƙasan takardar sai na tsaya. Ya ce, "Mi kike jira? Sa sunana."

Yau na yi ritaya daga aikin akawu a garin Shagari, littattafan nan huɗu kuma su nake ba jikokina, har da mai ƙonannen gefen. Yanzu kowa zagi yake a waya da sunan aro, ba mai neman marubuci a gindin itace. Ni dai har gobe in na zo ƙasan takarda sai hannuna ya yi sanyi, sannan in sa sunana.