Mazarin Kaka da Kalmar Caki

A shekarun fari, a ƙauyenmu kusa da Sabon Birni, tuwo sau ɗaya muke ci a yini. Da an idar da sallar magariba sai kakata Hajo ta hura wutar kara, ta tara mu, don hira ta ɗauke mana hankali daga cikinmu.

Wata rana babana ya dawo daga garin Isa yana ba da labarin ma'aikatan da ke tare motocin hatsi suna cewa za su yi caki. Na tambayi Kaka ma'anar kalmar.

"Tamu ta, jikana," in ji ta. "Turawa ara sunka yi. Matso ka jiya."

Ta ce a wata tsohuwar yunwa, wani falke ya kawo buhunan gero birnin Alkalawa, mutane suna ba shi shanunsu. Wata tsohuwa mai kaɗi ta lura jakinsa na nishi fiye da kima. Ta zare mazarinta ta caka a gindin buhu, sai ga rairayi na zuba. Gero a baki kawai yake. Falke ya tsaya cak.

"Tun ran nan duk abin da anka so a san cikinai, sai a ce a cake shi."

Kwana kaɗan bayan haka Baba zai musanya sanmu na ƙarshe da buhu biyu. Kaka ta miƙa masa mazarinta. Ya ce yana jin kunyar mai hatsin.

"Kunya ba ta cika tukunya ta ɗiyanka," ta ce. "Tahi da shi."

Ya caka. Buhu ɗaya rabinsa ƙaiƙayi ne. Aka canza masa, geron ya kai mu damina.

Da na zama malamin Turanci na binciki asalin kalmar, wato "check" ta Turanci. Daga Farisa ta taso, daga kalmarsu ta sarki, wadda ake faɗa a wani wasa mai kama da dara in an ritsa sarkin abokin wasa. Daga tsayar da sarki ta koma tsayar da abu a duba shi.

Kaka ba ta dace da asalin ba. Duk da haka ban taɓa gyara mata ba har ta rasu, domin ni a littafi na san kalmar, ita kuwa ta ciyar da mutum tara da ita.