Takalma uku a bakin ƙofa

Jiya da tsakar rana Malam Bitrus, mai koya mana kiyaye haɗari a aikin sinadarai, ya kai mu wata tsohuwar masana'antar man gyaɗa a bayan duwatsun Kazaure. Ta ƙone tun da daɗewa. Wurin tsit, ko tsuntsu babu.

A bakin ƙofa muka tarar da takalman mutum uku a jere, rana ta cinye su. Malam ya ce dokar wurin ce: ma'aikaci zai tuɓe nasa ya sa na roba, don kada ƙusar takalmi ta tayar da tartsatsi.

Ni da shegen bakina na ce, "To Malam, me ya hana su dawowa su ɗauka?"

Ya nuna mana ƙararrawar da ke kuka idan iskar sinadarin da ake tatsar mai da shi, mai saurin kama wuta, ta tsiyayo. An datse wayarta.

Na ce, "Wane marar imani ne ya yi wannan?"

Ya ce, "Ni ne, lokacin a nan nake aiki. Kukanta ne ya ishe mu, yana tsayar mana da aiki. Mu Kirista an koya mana cewa ran maƙwabcinka amana ne a wuyanka. Na je coci ran Lahadi, na datse wayar ran Litinin. Ran da wuta ta tashi, masu takalman nan uku ba su fito ba."

Daga nan muka koma aji.

Jama'a, ku faɗi gaskiya: wace ƙararrawa kuka kashe a wurin aikinku don ta dame ku?